Inna Hansai Mai Littafin Kwali

Duk wanda ya zauna a lungunmu na Unguwar Shanu ya san muryar Inna Hansai kafin ya san fuskarta. Da hantsi, idan maza sun watse wajen nema, 'yan makaranta sun tafi, sai ka jiyo ta daga zauren gidan hayar nan mai jar ƙofa tana ja, ƙananan muryoyi suna amsawa: “B, buta! Ɓ, ɓera!” Tela ce, ba malamar makaranta ba. Keken ɗinkinta yana gefe guda a zauren, tabarmar yara tana ɗaya gefen, ita kuma tana tsakiya, rabin hankalinta a kan zare, rabi a kan wanda ya ciji ɗan'uwansa.

Ni sunana Lubna, gidanmu yana kallon nasu. Abin da zan faɗa a nan, wani na gani da idona, wani ita ta ba ni labari, sauran kuma a bakin direbobin tashar Kawo na ji.

A wani ƙauye da ke bayan Malumfashi aka haife ta. Ta yi karatun allo daidai gwargwado, boko kuwa ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Aure ya kawo ta Kaduna. Mijinta, Malam Bawa, lebura ne mai sauke buhunan hatsi a kasuwar Kawo, har bayansa ya gaza ya koma gadi. Ya rasu shekarun baya, ya bar ta da 'ya'ya da suka riga suka kama gabansu. Ɗinki a wajen wata Banufiya ta koya a Abakpa. Karatun boko kuwa sai da ta aurar da 'yarta ta fari sannan ta shiga ajin manyan mata da ake yi bayan la'asar a wata firamare.

Tana son ba da labarin ranar da ta fara karanta rubutu a titi ba malama a kusa. Wata bas ce ta tsaya a gabanta, ta haɗa haruffan da ke goshinta ɗaya bayan ɗaya, ta ga an rubuta “Kawo”.

“Na ce, in kawo me?” in ji ta. “Sai da motar ta tashi na gane ashe unguwar da nake zuwa kullum ce. Na tsaya bakin titi ina ta dariya ni kaɗai, har wata mai awara ta ja kaskonta gefe.”

Jikanta ne sanadin littattafan. Ubansa ya sayo masa littafin haruffa mai hotuna a hannun masu talla a cunkoson motoci, shafukansa sai sheƙi suke. Da Inna ta zauna za ta koya wa yaron, sai ta ga gidan ƙanƙara, da wani jirgin ruwa mai laima, da 'ya'yan itacen da ba ta taɓa gani a faifan kowa ba. Ta bi shafukan gaba da baya tana neman harafin da ƙofa ke farawa da shi, babu. Na ɗaki babu, na ɓera babu.

“To yaron da bai iya rubuta ƙofar ɗakinsu ba, ta ina zai shiga?” ta ce.

Ta karɓo kwalin taliya a shagon bakin lungu, ta yanka shi falle-falle da almakashin ɗinki. A kowane falle ta rubuta harafi ɗaya ƙato, ta zana abin da yaro ke tuntuɓe da shi a tsakar gida: akwati, cokali, guga, tsintsiya. Ba gwanar zane ba ce. Jakinta ya fi kama da kare, raƙuminta kuma kamar akuya ce ta haɗiyi tulu. Harafin E da O sun ba ta wahala, ta yi kwanaki tana tambayar mutane, daga ƙarshe ta zana eriyar rediyo da ƙullin omo. Ta lulluɓe kowane falle da farar leda, ta haɗa su ta ɗinke gefen da keke. Allurai da yawa sun karye a wannan aiki.

Kafin a jima yaran maƙwabta da ba su isa makaranta ba suka fara zama kusa da jikan. Jikan ya girma ya tafi, wasu suka maye gurbinsa. Littafi ya tsufa, ta yi wani. Iyaye ba su ɗauki abin makaranta ba, sun ɗauke shi wurin da za a ajiye yaro a samu a yi wanki. Amma malaman firamaren unguwa sun san yaran zauren Hansai tun makon farko.

A ɗakin da ke jikin nata akwai Ɗanladi da matarsa Husaina, mutanen wajen Ƙaura Namoda. Ɗanladi direban bas ne, Kawo zuwa Zariya. An san shi da sanyin tuƙi. Ba ya tsere, ba ya wuce mota a kwana, kuma da la'asar ta yi ya ajiye mota ko da fasinja sun cika tasha. Mutane suna cewa tsoron Allah ne da wadatar zuci. Matan lungunmu in za su Zariya sai su jira layinsa ya zo, kuma Inna Hansai ce kan gaba wajen yi masa talla.

'Yarsu ɗaya a lokacin, Hafsatu, ba ta cika shekara biyar ba. Yarinya ce shiru-shiru. Ba ta guje-guje a lungu, in an fita tana riƙe da gefen zanen uwarta, in an ajiye ta a wuri nan za a dawo a same ta. Kowa yana yaba natsuwarta. A zaure kuwa babu kamarta. Tun daga A har Z take zubowa ba tuntuɓe, tana buɗe shafi da kanta, tana ɗora yatsa a kai kamar wata babba.

Cikin damina aka yi wani ruwa da rana, Inna tana gidan suna a Abakpa. Rufin zauren ya yi yoyo daidai kan littafin, ruwa ya shiga ƙarƙashin leda. Da ta dawo ta farke ɗinkin, ta shanya shafukan a kan kwanon akurkin kaji. Washegari da sassafe ta tattaro su ta ɗinke yadda suka zo hannunta, don masu ɗinkin biki sun matsa mata, ta ce in ta samu sarari ta sake jera su.

A wannan safiyar na shiga zauren. Ina hutun aiki daga ma'aikatarmu, na kawo 'yata Yasmin in ga ko za ta zauna. Inna ta yi murna, ta share mini gefen benci, ta ce bari in ga abin da ake yi a nan.

“Hafsatu, zo ki karanta wa Anti.”

Yarinyar ta taso tana shafa bango da hannu ɗaya, ta zauna, aka ɗora mata littafin a cinya. Ta buɗe shafin farko. Kaza ce a jiki, da K ƙato a samanta. Ta ɗora yatsa a kan kazar ta ce da ƙarfi, “A, akwati!”

Yara suka fashe da dariya. Ta buɗe na biyu, tsintsiya. “B, buta!” Na uku, fitila. “Ɓ, ɓera!”

“Ke, bar wasa,” in ji Inna tana murmushi. “Baƙuwa muka yi.”

Hafsatu ta ɗago fuska. Babu alamar wasa a tare da ita. Ta ji dariyar ta yi yawa, amma ta daure ta buɗe na gaba ta ce, “C, cokali,” yatsanta a kan wuyan zakara.

Na ga murmushin ya bar fuskar Inna a hankali. Ta tsawata wa yaran suka yi tsit. Ta karɓi littafin, ta ja baya kaɗan, ta ɗaga shafin zakaran.

“'Yar nan, me kika gani a nan?”

“Na nawa ne, Inna?”

“Ban ce na nawa ba ne. Me kika gani?”

Yarinyar ta miƙa hannu, aka ba ta. Ta kai shafin har yana taɓa hancinta, ta karkata kai, ta juya shi wajen hasken ƙofa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce a hankali, “Akwai ja-ja a sama.”

Inna ta ɗauke ta cak ta fita da ita tsakar gida inda rana take, ni ma na bi su. Ta durƙusa, ta tallafi haɓar yarinyar, ta buɗe mata ido da yatsu biyu. A tsakiyar baƙin idon, inda ya kamata a ga baƙi wuluk, akwai wani toka-toka kamar an ɗiga ruwan kamu. Ta duba ɗayan, haka yake.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” ta ce. Ta sake faɗa. Yarinyar ta tsorata ta fara kuka.

Husaina ta fito daga ɗaki da kumfar wanki a hannu. Da aka yi mata bayani sai ta yi dariya, irin dariyar wanda bai yarda ba.

“Haba Inna! Yarinyar da nake aika ta ɗauko min buta, ta ɗauko min ludayi? Ko jiya ita ta miƙo min ashana.”

“A ina ashanar take?”

“Inda take kullum, kan taga.”

Tana faɗin haka ta zabura. Ta koma ɗaki da gudu, ta ɗauko takalmin yarinyar, ta ajiye shi a tsakiyar tsakar gida, wurin da ba a saba ajiyewa ba. Ta ce, “Hafsi, ɗauko takalminki.” Yarinyar ta nufi bakin ƙofar ɗaki kai tsaye, ta wuce takalmin har zanenta ya goge shi, ta durƙusa tana lalube a inda ta saba samunsa.

Husaina ta zube a ƙasa. Ba ta yi ihu ba, ta dai ɗora hannu biyu a ka tana kallon 'yarta tana lalube. “Ni na haife ta,” take ta maimaitawa. “Kullum tana gabana.”

Da Ɗanladi ya dawo bayan la'asar aka gaya masa, abin da ya yi ya ba kowa mamaki. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a waje ba, ranar har gidanmu ana jiyo shi.

“Lafiyar ɗiyata lau! Wa ya ce a buɗe mata ido a rana? Daga yau kar ta sake zuwa zauren nan!”

Inna ta tsaya a bakin ƙofarsa ta ce, “Ɗanladi, ba zagi ba ne, ciwo ne. Ciwo kuma ana kai shi asibiti.”

Ya saki labule a fuskarta. Sai da Husaina ta kwana biyu ba ta ci abinci ba sannan ya ce, “Ku je. Amma kar wanda ya sa ni a ciki.”

Su biyu suka kai ta asibitin ido. Inna ta sa littafin a jaka don ta nuna yadda aka gano. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta haska idon yarinyar, ta ɗiga magani, ta sake haskawa. Ta ce yanar ido ce a duka biyun, kuma ana cirewa, gara ma da aka zo yanzu. Husaina ta fara hamdala. Sai likitar ta ƙara da cewa irin wannan yanar da ke fito wa ƙaramin yaro sau da yawa gado ce, ta tambaya ko akwai mai ciwon ido a dangi. Husaina ta ce a nasu babu. Sannan ta ce uwar mijinta dai ta makance tun ba ta tsufa ba, amma an ce iska ce. Likitar ta ce uban ya zo, da shi za a yi shawarar aikin, kuma tana so ta duba shi shi ma.

Daga asibitin Inna ta sa Husaina da yarinyar a Keke Napep suka yi gida, ita kuma ta wuce tashar Kawo. Ta gaya mini cewa a lokacin babu komai a ranta sai yadda za ta lallashe shi ya je.

Ana dab da azahar. Tasha ta cika maƙil, 'yan kamasho suna ta kiran garuruwa, masu ruwan leda suna kutsawa tsakanin motoci. Ta hango motar Ɗanladi tana lodi, ta kusa cika: mata da goyo, ɗalibai da jakunkuna, wani tsoho da kajinsa a kwando. Shi yana tsaye a bakin ƙofar motar. Ta ƙarasa ta tsaya gabansa, tazarar da ba ta wuce tsawon tabarma biyu ba, tana mayar da numfashi kafin ta yi sallama.

Ya juyo ya dube ta sosai, ya ce, “Hajiya, Zariya? Akwai wuri a gaba. Shigo mu tafi.”

Ta ɗauka zolaya ce, sai ta tuna Ɗanladi bai taɓa zolayarta ba. Ta ɗaga masa hannu. Ya ce, “Kawo kayanki, Hajiya, ba za mu jima ba.”

Shekara da shekaru bango ɗaya ya raba ɗakinsa da nata. Ita ta yi wa matarsa wankan jego. Hijabin da ke jikinta ma shi ne wanda take sawa kullum. Ba ta san lokacin da ta zaro littafin daga jaka ba. Ta buɗe, ta ɗaga shi daidai ƙirjinta.

“Ɗanladi, mene ne wannan?”

Jin muryarta ya zabura. “Inna? Ke ce?”

“Na ce mene ne wannan.”

Ya ƙanƙance ido, ya karkata kai gefe guda, irin karkatawar da ta gani a zaurenta kwana uku da suka wuce.

“Takarda ce.”

“Me ke jikinta?”

Gumi ya keto masa a goshi. Ya ce ƙasa-ƙasa, “Inna, don girman Allah.”

Ya ja ta bayan motar, inda hayaniya ta rufe maganarsu. A nan ya faɗa mata. Idon hagu tun yana yaro bai taɓa yi masa wani amfani ba. Da na dama yake rayuwa, shi ma damina biyu ke nan da ya fara hazo, kullum ƙaruwa yake.

“Hanyar Zariya na san ta kamar tsakar ɗakina,” ya ce. “Na san kowane rami, na san kowace kwana. In na samu babbar mota sai in bi bayanta. In rana ta karkata ta doke min ido komai fari yake komawa, shi ya sa nake ajewa da la'asar. Ban taɓa buge ko akuya ba, Inna.”

“In yaro ya tsallaka titi a Jaji fa?”

Ya sunkuyar da kai. “Allah ke tsarewa.”

Sai ta tuna ƙaramar sallar da ta wuce, da ta ɗora jikokinta biyu a kujerar gaba kusa da shi, ta ce masa amana. Ta tuna matan da ta ce wa kar su shiga motar kowa sai tasa. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya.

“Ki rufa min asiri,” ya ce. “Bari in kai waɗannan kawai, sun riga sun shiga. Gobe wallahi in bi ki asibiti.”

“A'a.”

“Inna, da mi za mu ci? Da mi za a yi wa Hafsatu aikin?”

“Ban sani ba. Amma motar nan ba da kai za ta fita ba.”

Ya tsaya yana kallon inda take. Sai ya juya ya zagaya, ya shiga mazauninsa, ya tayar da mota. Wataƙila ya ɗauka tsohuwa ce, za ta yi faɗanta ta haƙura. Inna ta miƙe, ta zagayo, ta tsaya a gaban motar, ta ɗora tafin hannunta a goshin motar.

Fasinja suka ɗauki surutu. “Mama, ki matsa mana!” “Lafiyarta kuwa?” Wani ɗan kamasho ya zo zai janye ta, ta dube shi, ya janye hannunsa. Jama'a suka fara taruwa. Ana ta tambayarta me ya yi mata, bashi ne, ko wani abu ya ɗauka. Ba ta tona shi ba. Abin da ta ce kawai, “Shi ya san dalili. Ya sauko ya faɗa da bakinsa.”

Wani dattijon direba mai suna Ya'u, mutumin garinsu Ɗanladi, ya ratso taron ya leƙa ta taga. Shi ya gaya mini abin da ya gani: Ɗanladi ya riƙe sitiyari da hannu biyu, injin yana ruri, hawaye yana zuba a gemunsa. Can ya kashe motar. Ya zare makulli ya miƙa ta taga.

“Ya'u, kai su. Ba ni gani.”

“Ba ka mi?”

“Ba ni gani, Ya'u. Matar nan da ke gaban mota, in ba don na ji muryarta ba, ban san ko wace ce ba.”

Wata mata da ke kujerar bayan direba ta fito da jaririnta tana cewa, “Duk mako motarsa nake shiga. Duk mako!” Wani ɗalibi ya fara zage-zage, wasu matasa suka yo kan motar. Dattawan tasha suka kewaye Ɗanladi suka shige da shi ofishinsu. Su kansu direbobin, waɗanda suke cin abinci kwano ɗaya da shi, sun tsaya cirko-cirko suna kallon juna. Babu wanda ya taɓa zargin komai. Inna ta mayar da littafinta jaka, ta fita daga tashar a ƙafa, ta manta ma ana hawa mota zuwa Unguwar Shanu.

Kafin magariba labari ya riga ta isa lungu. Mutane suka rabu. Wasu suka ce ta ceci rayuka. Wasu suka ce ta raba bawan Allah da abincinsa a bainar jama'a, da ta bari ya dawo gida an yi maganar a ɗaki. Har cikin matan da take cewa su shiga motarsa akwai waɗanda suka daina gaishe ta, ban san ko haushin me suke ji ba. Ita kuwa zazzaɓi ya kwantar da ita, zaure ya yi kusan mako a rufe. Da na shiga duba ta na same ta kwance tana kallon rufi.

“Lubna, ni fa littafi kawai na ɗinka ba daidai ba,” ta ce. “Dubi inda ya kai mu.”

Direbobin tasha da mutanen masallacin lungu suka haɗa hannu aka yi wa Hafsatu aiki, ido ɗaya, bayan wani lokaci ɗayan. Husaina ta ce ranar da aka cire mata bandejin farko, yarinyar ta ƙura mata ido, sai ta ƙwalla ƙara. “Umma, wa ya yanke ki?” Tsagar gadon da ke kumatun uwarta ce. Ta san ta da yatsa tun tana goye, amma ba ta taɓa ganinta ba.

Aka ba ta tabarau mai kauri. Inna ta ɗinka masa roba yadda zai zauna a bayan kai. Da ta koma zaure, sai ga wani abin da babu wanda ya zata: wadda ta fi kowa ta koma bayan kowa. Haddar tana nan a bakinta, amma ido bai san komai ba. Aka nuna mata ɓera ta ce ba shi ba ne, ita ɓeranta ba haka yake ba. B da D suka yi ta rikita ta. Takan rufe ido ta zubo karatun don ta huta, Inna ta ce, “Buɗe, 'yar nan. Wancan kin gama shi, wannan muke yi yanzu.” Sai da aka yi watanni kafin harafi da hoto suka zauna mata. Yanzu tana firamare, a layin gaba take zama.

Tun daga lokacin Inna ba ta ƙara ɗinke littafi ba. Falle-falle take barinsa a cikin kwando, kullum ta cakuɗa. Duk yaron da aka kawo sabo, sai ta tsayar da shi a ƙofar zaure, ita ta koma wajen keke ta ɗaga masa hoto, ta ce ya rufe ido ɗaya da hannu. Ta tura wasu asibiti ta haka. Yawancinsu tabarau kawai suke buƙata, wani kuma ashe rigima ce kawai ta hana shi amsawa.

Ɗanladi ma an yi masa aiki. Idon dama ya washe, na hagu likita ta ce ya daɗe da yawa, ba zai dawo ba, kuma ta ce ya haƙura da ɗaukar fasinja. Dattawan tasha ba su kore shi ba, suka ba shi lodi. Shi ne yanzu yake kiran “Zariya! Zariya!” a bakin motocin wasu. Tsakaninsa da Inna sai gaisuwa: ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Da shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa suka koma Kawo, ya ce don ya fi kusa da aiki.

Bara Husaina ta sake haihuwa, namiji, aka sa masa Zakariyya. Ba a jima da yin arba'in ba, wata safiya ina shirin fita ofis na ga Keke Napep ya tsaya a bakin lungu. Husaina ta fito da jariri a kafaɗa ta shiga zaure. Ta ce za ta kai shi a duba masa ido tun yanzu, kuma ba ta son zuwa sai da Inna. Inna ta ture ɗinkin da ke gabanta, ta ce wa yara yau hutu, ta shiga neman hijabi.

Ɗanladi ne ya rako su, amma bai shigo ba. Ya tsaya a waje jikin bango, rana tana dukansa. Inna ta leƙo ta gan shi.

“Ka shigo mana, Ɗanladi. Rana.”

“Nan ma ya yi, Inna.”

Ba ta matsa masa ba. Ta koma ciki ta ɗauko kujerar da take zama a kai in tana ɗinki, ta fito da ita da kanta ta ajiye a inuwar bango. Ya zauna, ya jira su suka gama shiri.